Farin Goshi

A Dundee, hawa na uku, inda taga ke leƙen kogin Tay,
ina da keji tara da kundi ɗaya.
Shekara talatin na yi ina rina zare a masaƙa.
Ranar da aka garƙame ƙofarta
hannuna bai ji labari ba, ya ci gaba da neman launi.
Sai na koma rinin ɓeraye,
ba da tukunya ba, da jini.

Na fitar da toka mai ɗaukar shuɗi,
na fitar da madarar da aka ɗiga wa shayi.
Amma abin da ya hana ni barci
farin zane ne, siriri, daga hanci zuwa goshi,
ido ɗaya baƙi, ɗaya ja kamar ƙwayar rumman.

Na haɗa Murdo da 'yarsa Effie.
Shafi na sittin da biyu.
Alƙalamin bai yi rawa ba.

Kwana ashirin da biyu, goma sha ɗaya suka faɗo,
jajaye, makafi, kowanne bai fi ɗan yatsa ba.
Da gashi ya tsiro na ƙirga, na sake ƙirgawa:
bakwai masu farin goshi!
Na tashi ƙanwata Shona da waya cikin dare.
Ta ce, "Ishbel, ɓeraye ne fa,"
ta kashe.

Sai mako na huɗu, lokacin yaye.
Na ɗaga wadda ta fi kyau,
na ji cikinta tam kamar dafaffen ƙwai,
ƙashin bayanta kuwa haƙoran mataji.
Tana ci, tana ci,
ba abin da ke fita.

Likita Rennie bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi.
Ya dai juya ta a tafin hannu, ya ce,
"Wannan farin ba launi ba ne,
wurin da launi bai kai ba ne.
Masu kai launi fata da masu tada hanji
hanya ɗaya suke bi tun a cikin uwa.
Wani lokaci in an makara a goshi,
an makara a can ciki ma."

Biyar allura ta ɗauke a ranar Talata.
Ta shida ba ta jira allura ba.
Na sa su a gwangwanin biskit,
na tona ƙasa mai sanyi a bayan gini,
kusa da igiyar shanya,
maƙwabciya na kallo ta labule.
Garin gyaran gira ne. Idon kuwa ba nawa ba.

Jan ƙyallen da na ciyo a gasar bara
yana nan jikin ƙusa. Ban cire ba.
Na dai mayar da Murdo kejin ƙarshe,
na ja layi biyu a kan sunan Effie,
na rubuta a gefe: kada a sake.

Akwai wata ruwan ƙasa a cikinsu,
irin wadda za ka gani a bakin kwata ka ɗauki tsintsiya.
Ban sa mata suna ba, Lamba Tara ce a kundi.
Ita ce ke sace mini ɓawon burodi,
ta kwana a hannun rigata,
ta cika keji da kashi, kashi lafiyayye,
wanda yanzu nake dubawa kowace safiya kamar albashi.

Jiya wani ya kira daga Aberdeen:
fam sittin a kan na bakwai, wanda ya rayu,
zai sa shi barbara.
Na ce ba na sayarwa ba ne.
Na ajiye wayar, na je na tsaya gaban kejinsa.
Ya ɗago, jan idon yana nemana.
Abin da ban faɗa wa Shona ba,
ban faɗa wa likita ba:
har yanzu yana yi mini kyau.